AWON HANNUN RIGA

Yau maganarmu a kan ɗinki ta ke. Ba riga duka za mu ɗauka ba, gama wannan ba ya ƙarewa a zama guda. Hannun riga kaɗai za mu duba, watau yadda a ke auna hannun mutum, da yadda a ke zana awon a takarda tun ba a sa wa yadi almakashi ba.

Wataƙila wani ya ce a ransa, hannun riga kuma har abin tara mutane ne? To, ku tuna abin da ya kan faru. Mutum ya sha wahalar damina, ya sayar da gyaɗa ko wake, ya je kasuwa ya yanko yadi domin Salla. Ya kai ɗinki, ya karɓo ran jajibere. Jiki ya yi daidai, wuya ya yi daidai. Amma da ya ɗaga hannu zai gyara hula, sai hammata ta yage. Wani kuwa hannun ya tsaya masa a tsakiyar sangali, kamar ya aro rigar ƙanensa. Abin da ya yi yawa a kan rage shi, amma abin da almakashi ya cinye ba ya komowa. Kuɗin mai riga ya tafi, sunan mai ɗinki kuma ya ɓaci a gari.

ME YA SA A KE AWO?

Babbar riga ba ta da wannan wahala. Faɗinta ya wuce hannun mai ita, in ta yi masa yawa sai ya naɗe a kafaɗa. Saboda haka masu ɗinkin dā su kan auna da kamu, da taƙi, da ɗani, aikinsu kuwa ya yi kyau. Amma kaftani, da jamfa, da taguwa, da rigar mata, da rigar 'yan makaranta, hannunsu bin hannun mutum ya ke yi. A nan kamu ba ya isa, domin kamun dogo dabam, kamun gajere dabam. Inci kuwa ɗaya ne a ko wace kasuwa.

KAYAN AIKI

Ga abin da za ku tanada: tef na awo, da fensir, da littafi, da rula ko wani ɗan katako miƙaƙƙe, da alli, da almakashi, da takarda mai faɗi. Tsohuwar jarida ta isa. In guda ta kasa, a liƙa biyu da ƙaro.

Ku dubi tef ɗin nan da kyau. Fuska biyu gare shi. Fuska ɗaya inci ne, daga 1 zuwa 60. Ɗaya fuskar santimita ce, ta kai 150. Inci 12 ƙafa guda ke nan, inci 36 kuwa yadi guda. Tun shekarar 1959 ƙasashen da ke aiki da inci su ka daidaita a kan inci ɗaya ya zama santimita 2.54, watau biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Telolinmu na Nijeriya da inci su ka saba, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa da santimita. Ko wanne ya yi, muddin wanda ya fara da fuska ɗaya ya ƙare da ita.

Ko wane inci an raba shi takwas da 'yan layuka. Dogon layin da ke tsakiya shi ne rabin inci. Layi biyu daga farko rubu'i ne, wanda teloli ke kira kwata.

Har wa yau ku lura da abu biyu. Tsohon tef na ƙyalle ya kan miƙe, wani kuma bakinsa ya gutsure. Sai a riƙa gwada shi da rula. Akwai kuma irin tef mai incin ƙasar Sin, wanda ya fi namu tsawo, gama shi santimita 3 ne da sulusi. In za ku sayi sabo, ku sa yatsa a kan inci 10 ku juya. In bayansa ya nuna santimita 25 da ɗan kai, to, namu ne.

YADDA MAI RIGA ZAI TSAYA

A sa mai riga ya tuɓe babbar riga, ya tsaya da 'yar shara ko wata riga marar kauri. Ya tsaya sosai, ya saki kafaɗunsa, ya dubi gabansa. Mutane da yawa in sun ga tef sai su bankare ƙirji, su ƙanƙame damtse. Ku lallashe shi. In dattijo ne ku ce, "Baba, a saki jiki, kamar ana hira a ƙofar gida." Mace kuwa 'yar'uwarta mace ita za ta auna ta. Wannan shi ya sa ya kamata a sami mace a ko wane gida wadda ta iya karatun tef, maimakon a aika wa tela igiya mai ƙulle-ƙulle, ya rasa wane ƙulli ne na damtse, wane ne na wuyan hannu.

Kada mutum ya auna kansa. Da ya miƙa hannu ɗaya zai kama tef, kafaɗar ta goce.

Yawancin mutane hannun da su ke aiki da shi ya ɗan fi ɗayan kauri, balle manomi, ko maƙeri, ko mai daka. A auna duka biyu, a ɗauki wanda ya fi girma.

AWO BAKWAI

Na ɗaya, tsawon hannu. Ku lalubi ƙarshen ƙashin kafaɗa da yatsa. In kun rasa shi, mai riga ya ɗaga hannu ya sauke, za ku ji inda gaɓar ta ke motsi. Nan ne mafari. Sa'an nan ku ce, "Malam, ɗan lanƙwasa hannu, ka dafa ƙugu." Ku bi da tef ta bayan hannu, ya hau kan gwiwar hannu, ya sauka har ɗan ƙashin nan da ya fito a wuyan hannu ta wajen ƙaramin yatsa. Me ya sa a ke lanƙwasawa? Ku gwada da naku yanzu. Hannu in ya lanƙwashe, bayansa ya kan ƙara tsawo. Wanda ya auna shi a miƙe, hannun rigarsa zai riƙa janyewa sama duk sa'ad da mai ita ya kai loma baki.

Na biyu, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Tun tef yana wurin, ku dubi lambar da ta faɗa a kan tsinin gwiwar, ku rubuta.

Na uku, kaurin damtse. Mai riga ya saki hannunsa. Ku zagaya da tef inda ya fi kauri, ƙasa da hammata kaɗan. Kada tef ya karkace, kada ya nutse cikin tsoka. Ya kwanta a fata kurum, yadda za ku iya juya shi.

Na huɗu, kaurin gwiwar hannu. Ya lanƙwasa hannu sosai, ku zagaya ta kan tsinin.

Na biyar, wuyan hannu. Ku zagaya ta kan ɗan ƙashin nan da mu ka ambata.

Na shida, tafin hannu. Ya haɗa yatsunsa, ya kwantar da babban yatsa cikin tafi, kamar zai zura hannu a tulu. Ku zagaya inda ya fi faɗi. Masu koyo su kan manta da wannan, alhali kuwa ta bakin hannun riga tafin zai wuce kafin wuyan hannu ya iso.

Na bakwai, zagayen hammata. Ku ɗora tef a ƙarshen ƙashin kafaɗa, ya bi ta gaba, ya shiga ƙarƙashin hammata, ya fito ta baya ya sadu da mafarinsa. Sa'an nan mai riga ya sauke hannu tukuna ku karanta.

Ko wane awo ku rubuta shi nan take, da sunansa a gefe. Kada ku ce za ku riƙe bakwai a ka har ku koma wurin keke, gama a hanya wani zai gaishe ku, 13 ta zama 15. Ku rubuta sunan mai riga da kwanan wata a bisa. Ga misalin wani saurayi da za mu yi aiki da shi yau:

Tsawon hannu, inci 24
Kafaɗa zuwa gwiwa, inci 14
Damtse, inci 13
Gwiwa, inci 12
Wuyan hannu, inci 7
Tafin hannu, inci 9
Zagayen hammata, inci 18

SARARI

Wannan awon jiki ne, ba na riga ba tukuna. In an ɗinka hannu inci 13 a kan damtse mai inci 13, ko shiga ba zai yi ba. Dole a ƙara sarari domin motsi da shan iska. Ku auna jiki daidai yadda ya ke, sa'an nan ku ƙara sararin a littafi. Kada ku saki tef ku ce kun ƙara, ku zo wurin zane ku sāke ƙarawa.

A damtse, rigar da a ke so ta kama jiki a kan ƙara mata inci 2. Kaftani inci 3 ko 4. Rigar aiki ta fi haka. Mu ƙara wa saurayinmu 3, ya zama 16. A zagayen hammata mu ƙara 2, ya zama 20. Wannan 20 ita ce girman ramin hammata da za a yanka a jikin rigar.

Bakin hannu kuwa sai a yi tunani. Tafinsa 9 ne, in an ba shi 10 zai shige. Amma mu nan mutum ya kan naɗe hannun riga har ya wuce gwiwa, domin alwala, ko wanki, ko aikin gona. Baki mai inci 10 zai maƙale a sangali. Saboda haka in hannun ba shi da maɓalli, kada bakinsa ya gaza awon gwiwa. Mu ba shi 12. In kuwa mai maɓalli ne, da tsaga a gefe, to, da wuyan hannu a ke aiki: a ƙara inci 1 a kan 7 domin sarari, da wani 1 inda maɓalli zai hau. A kuma rage faɗin wannan ɗaurin daga tsawon hannu, in ba haka ba ya rufe yatsu.

ZANE A TAKARDA

Ku sami takarda mai tsawon inci 30, faɗi 20. Ku ninka ta biyu a tsaye. Wannan ninki shi ne tsakiyar hannu, wanda zai sauko daga kafaɗa. Da ya ke takarda a ninke ta ke, duk awon da mu ka zagaya sai a raba shi biyu. Na tsawo kuwa ba a raba shi.

Da fari, ku bar kamar inci 8 daga sama, ku ja layi a gicciye daga ninkin. Wannan layin hammata ne. Rabin 16 shi ne 8. Ku auna inci 8 a kan layin, ku sa ɗigo, ku rubuta B.

Na biyu, rabin 20 shi ne 10. Ku dafe bakin tef a kan B, ku karkata shi sama har lamba 10 ta taɓa ninkin. Ku sa ɗigo nan, ku rubuta A. Wannan shi ne ƙolin hannu, inda zai gamu da ɗinkin kafaɗa. Ku ja layi daga A zuwa B. In kun auna daga A zuwa layin hammata za ku sami inci 6. Shi mu ke kira tudun hannu.

Na uku, daga A ku bi ninkin ƙasa. A inci 14 ku ja layin gwiwa, a inci 24 ku ja layin baki. A layin baki ku auna rabin 12, watau 6, ku rubuta C. Ku haɗa B da C da rula.

Na huɗu, ku gwada layin gwiwa. A zanenmu za ku sami inci 7 da ɗan kai, ninki biyu 14 ke nan. Gwiwarsa 12 ce, ashe akwai sararin inci 2. Ya isa. In ya gaza haka, ku faɗaɗa bakin.

Saura lanƙwasar kan hannu, nan ne kuwa gwaninta ta ke. Ku raba layin A zuwa B gida huɗu, ko wane gida inci 2 da rabi. A ɗigon da ke kusa da A ku fita waje da rabin inci. A ɗigon tsakiya ku tsaya a kan layi. A ɗigon da ke kusa da B ku shiga ciki da rubu'in inci. Ku haɗa su da hannu a hankali, layin ya taso daga B kamar bakin ƙwarya, ya haye, ya kwanta a A kamar bayan tulu. Kada a sami tsini ko ɗaya.

Yanzu ku yanke a kan zanen, ku buɗe takarda. Gefe ɗaya baya ne, ku bar shi yadda ya ke. Ɗaya gefen gaba ne, ku ƙara rarake shi da rubu'in inci a wurin da ya shiga ciki kusa da B. Dalili kuwa, hannun mutum gaba ya ke zuwa. Baya yana bukatar yadi domin miƙa hannu, gaba kuwa in yadi ya yi yawa sai ya tattare. Ku rubuta GABA da BAYA da manyan baƙaƙe.

Ga wani sirri game da tudun hannu. In hannu ya ƙara faɗi, tudu ya kan ragu. Da mun ba saurayin nan 18 maimakon 16, rabinsa 9, da tudun ya sauko zuwa inci 4 da 'yan kai. Hannu mai dogon tudu ya fi kyaun gani in mutum yana tsaye, amma yana hana ɗaga hannu. Mai gajeren tudu ya kan ɗan tattare a hammata, amma mai shi ya yi huɗa, ya ɗauki kaya a ka, ba abin da zai ja shi. Saboda haka ku tambayi mai riga, ta zuwa biki ce ko ta aiki? Ko wace iri ce dai, kada tudu ya wuce sulusin ramin hammata. In ya wuce, ku ƙara faɗi.

Kafin ku taɓa yadi, ku tsai da tef a kan gefensa, ku bi lanƙwasar nan daga B ta kan A har ɗaya B ɗin. Ku auna ramin hammata na jikin rigar haka nan, a kan layin da ɗinki zai bi. Kan hannu ya kamata ya fi ramin da rabin inci zuwa inci 1. Wannan 'yar rara ita ke zagaye ƙwallon kafaɗa. In ya gaza ramin, hannu zai ja. In ya fi da yawa, zai yi tattara.

YANKA

Yadin auduga, balle akoko, ya kan tsuke in ya sha ruwa. A jiƙa shi, a shanya, a goge, kāna a yanka. A shimfiɗa takarda yadda tsakiyar hannu za ta bi tsawon yadi, daidai da bakinsa. In ta karkace, hannun zai murɗe bayan wanki. A zaga da alli, sa'an nan a bar rarar ɗinki: rabin inci a kai da gefuna, inci 1 da rabi a baki domin kalmasa. In rigar yaro ce a bar inci 3, baɗi a warware a saki.

A ninka yadi fuska da fuska, a yanka hannu biyu gaba ɗaya. Mu wannan ya taɓa cinmu. Muna koyo, aka ba mu yadi mai fuska ɗaya, mu ka yanka hannu ɗai ɗai ba mu juya takarda ba. Da aka zo haɗawa sai ga hannun dama guda biyu, yadi kuwa ya ƙare. Sai da mu ka yi tafiyar kasuwa biyu kafin mu sami irinsa, da kuɗinmu, mai riga kuma bai sāke kawo ɗinki gidan ba. Don haka ku ɗan tsaga alama a bakin yadi da almakashi, guda a gaba, biyu a baya, guda a ƙoli.

In yadin mai tsada ne, ku fara gwadawa da tsohon zane. Ku kama hannun da allura da zare, ɗinki mai nisa-nisa, mai riga ya sa. Ya ɗaga hannu sama, ya rungume ƙirjinsa, ya naɗe har gwiwa. Sauri ya kan haifi nawa.

ALAMUN KUSKURE

In yadi ya ja a gicciye a kan damtse, faɗi ya gaza. In jikin riga duka yana tashi sa'ad da aka ɗaga hannu, ko tudu ya yi yawa, ko ramin hammata ya yi zurfi. In hannu yana murɗewa, ko an saɓa tsawon yadi, ko an sa na dama a hagun. In ya gaza tsawo sa'ad da aka lanƙwasa, a miƙe aka auna shi.

To, jama'a, gani ya kori ji. Kafin zama mai zuwa, ko wanenku ya auna mutum biyu a gidansu, babba da yaro, ya rubuta awo bakwai ɗin nan, ya zana hannu guda a takarda ya kawo. Wanda ba shi da tef ya haɗa kai da maƙwabcinsa. Za mu shimfiɗa su a tabarma mu duba tare, wanda ya kuskure a gyara masa tun a takarda. Takardar da ta yi daidai kuwa a rubuta sunan mai ita a adana, gama za ta yi aiki muddin jikinsa bai sāke ba. Allah ya kai mu, a sauka gida lafiya.

TAMBAYOYI

1. Inci nawa ne a yadi guda?
2. Don me a ke lanƙwasa hannu in za a auna tsawonsa?
3. Damtsen mutum inci 12 ne, aka ƙara sarari 4. Nawa za a auna daga ninkin takarda zuwa B?
4. Wane gefe a ke ƙara rarakewa, gaba ko baya? Don me?
5. Yaya za a yi kada a yanka hannun dama guda biyu?